Facin Da Ke Aljihu Ba Ya Hana Taya Sacewa

A ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ofisoshin gwamnati da makarantu da shagunan buga takardu na ƙasar nan. Kamfanin ya bar 'yar ƙofa ga wanda ya yi rajista a wani shiri na musamman domin a ƙara masa wa'adi, amma ga sauran jama'a magana ta ƙare. Washegari kowa ya kunna kwamfutarsa ta tashi lafiya lau kamar yadda ta saba, saboda haka mutane ƙalilan ne suka lura cewa wani abu ya canza. Abin da ya canza kuwa shi ne, daga wannan rana duk ɓarakar da aka gano a cikin wannan manhaja babu mai aiko musu da facinta, kuma ɓarayi sun san da haka.

Mun ga ya kamata mu ja hankalin masu karatu, da hukumomin da abin ya rataya a wuyansu, a kan wannan al'amari na faci. Dalilinmu shi ne, yawancin manyan ɓarnar da masu kutse suka yi a duniya sun yi ta ne ta kafar da aka riga aka sani, aka kuma riga aka yi mata faci, sai dai facin bai kai ga na'urar da ke bukatarsa ba. Masana suna iyakar ƙoƙarinsu wajen gano ɓaraka da ɗinke ta. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin teburin masanin da na'urar da ke hannun mai amfani da ita.

MENE NE KANEL?

Kowace kwamfuta, da kowace wayar hannu ta zamani, tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, ko Windows, ko Linux, ko Android, ko kuwa ta kamfanin Apple. A can tsakiyar wannan babbar manhaja akwai wani sashe da masana ke kira kanel. A bakin Bature sunan ya zo daidai da na Kanar ɗin soja, kuma aikin nasu ma bai yi nisa da juna ba, gama kanel shi ke ba da oda. Shi ke raba wa kowace ƙaramar manhaja wurin zama a ma'ajiyar aiki, ya kuma ƙayyade mata lokacin da za ta yi amfani da ƙwaƙwalwar na'ura. Idan manhajar hira tana son buɗe kyamara, ko manhajar banki tana son aika saƙo ta intanet, tilas ta bi ta hannunsa. Shi ne har wa yau ke tsare katangar da ke tsakanin wannan manhaja da waccan, don kada wasan da yaro ya sauke a waya ya leƙa abin da ubansa ke rubutawa a manhajar banki.

Wanda ya taɓa zama a gidan haya zai gane zancen da sauri. Ɓarawon da ya fasa ɗakin ɗan haya guda, kayan wannan ɗakin kaɗai zai kwasa. Amma wanda ya sace zoben makullan mai gida, babu ɗakin da zai gagare shi, kuma yana iya sallamar mai gadi ya sa nasa. Haka ɓarakar kanel take. Wanda ya samu shiga ta nan yana iya karanta kowace takarda, ya kashe manhajar da aka sa don tsaro, ya kuma ɓoye kansa yadda ko an bincika ba za a gan shi ba, domin kanel ɗin da za a tambaya ko akwai baƙo a gida ya riga ya zama yaronsa.

YADDA BANGO KE TSAGEWA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, bangon nan yana da faɗin da ba zai rasa tsaga ba. Mu ɗauki Linux misali. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a shekarar 1991 yana Jami'ar Helsinki. Daga wannan ɗan aikin ɗalibi ya bunƙasa har ya wuce layi miliyan 30 na rubutun umarni, dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suna sa hannu a ciki, ana fitar da sabon bugu kusan kowane mako 9 ko 10. Shi ne ke ƙarƙashin kowace wayar Android, shi ne kuma ke ɗauke da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke tafiya a kansu. Galibin wannan rubutu da harshen kwamfuta mai suna C aka yi shi, harshe mai sauri, amma wanda ba ya hana marubuci zuba kaya fiye da girman mazubi, ko komawa ya yi amfani da wurin da ya riga ya sallama. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da yake ɗinkewa kowace shekara irin wannan kuskure ne na sarrafa ma'ajiya.

Wata ɓarakar kuma takan daɗe a kwance ba wanda ya sani. A watan Oktoba na 2016 aka bayyana wadda aka laƙaba wa suna Dirty COW a cikin Linux. Ga yadda take. Ka ɗauka akwai akawu da ke tsare babban littafin ofis. Kowa na iya karanta littafin, amma wanda ya ce zai yi rubutu sai akawu ya kwafa masa shafin ya ba shi ya yi a kan kwafin, asalin kuwa ba a taɓa shi. Sai aka gano cewa idan mutum biyu suka dame shi a lokaci guda, ɗaya yana cewa ba ni in rubuta, ɗaya yana cewa yar da kwafin nan, suna maimaitawa sau dubbai cikin daƙiƙa, akawun yakan ruɗe ya bar alƙalami ya sauka a kan asalin littafin. Da haka ƙaramin ma'aikaci zai rubuta sunansa a jerin masu gida. Wannan ɓaraka tana nan a buɗe tun bugun 2007, shekara 9 ke nan. Torvalds da kansa ya faɗa cewa ya taɓa gwada gyara ta shekara 11 kafin nan, amma aka warware gyaran saboda ya kawo cikas ga wani nau'in manyan kwamfutocin IBM. Wani masani mai suna Phil Oester ne ya tono ta, bayan ya tarar an riga an yi amfani da ita an shiga wata kwamfutarsa.

Ta biyu ita ce Dirty Pipe, wadda wani Bajamushe mai suna Max Kellermann ya bayyana a watan Maris na 2022. Shi ba farautar ɓaraka ya fita ba. Wani abokin cinikin kamfaninsu ne ya yi ƙorafi cewa wasu takardun ajiya suna lalacewa, ya bi sawun abin wata da watanni har ya kai ga wani ɗan kuskure da ya zama haɗari tun bugun 5.8 na shekarar 2020. Da ya kai rahoto, cikin 'yan kwanaki aka fitar da gyaran.

YADDA AKE YIN FACIN

Akwai ladabin da masana suka shimfiɗa a kan wannan aiki. Wanda ya gano ɓaraka yakan sanar da masu manhajar a asirce, ya ba su lokaci su gyara kafin ya faɗa wa duniya. Ƙungiyar bincike ta Project Zero da kamfanin Google ya kafa a 2014 ta sa wa'adin kwana 90, in ya cika ta fasa ƙwai ko an gyara ko ba a gyara ba, don kada kamfani ya kwanta a kan rahoto. Tun 1999 ake ba kowace ɓaraka lamba tata a wani kundi da ake kira CVE, domin kowa ya san a kan wace ake magana. Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata a matsayin ranar fitar da faci. Su kuma masu kula da Linux, ƙarƙashin jagorancin Greg Kroah-Hartman, kusan kowane mako sukan fitar da gyare-gyare ga bugunan da ake ci gaba da kula da su, kuma a watan Fabrairu na 2024 aka ba su ikon raba lambobin CVE da kansu.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce haɗari ke ƙaruwa ga wanda bai manna ba. Ɓarawo yakan ɗauki manhajar jiya ya ajiye kusa da ta yau, ya duba inda aka taɓa, nan take ya san inda ramin yake. Facin ya zama masa taswira ke nan. Daga wannan sa'a tsere ya fara tsakanin mai na'ura da ɓarawo, kuma shi ɓarawo ba ya jiran a sa hannu a takardar izni.

KWANA 59 NA SAKACI

Babu misalin da ya fi na shekarar 2017. A ran 14 ga Maris Microsoft ya fitar da faci ga wata ɓaraka a sashen Windows da ke kula da musayar takardu tsakanin kwamfutocin ofis, sashen da ke aiki a cikin kanel. A ran 14 ga Afrilu wasu masu kiran kansu Shadow Brokers suka watsa wa duniya makamin shiga ta wannan kafa, mai suna EternalBlue, wanda aka sato daga hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka. A ran 12 ga Mayu sai ga annobar WannaCry, manhajar da ke kulle takardun mutum ta nemi fansar dala 300. Ba ta bukatar kowa ya danna komai, da kanta take tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150.

A Ingila abin ya faɗa wa asibitocin gwamnati. Kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin ƙasar ya shafa, aka soke ganin likita da aikin tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Ma'aikatar lafiyarsu ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92. Da ofishin babban mai binciken kuɗin gwamnati ya yi bincike, sai ya tarar an aika wa asibitocin gargaɗi tun watannin Maris da Afrilu cewa su manna facin. Daga fitowar faci zuwa ranar annoba kwana 59 ne cif. Maganin yana nan a ajiye, kyauta, ba a sha ba.

Mako shida bayan haka, a ran 27 ga Yuni, aka sake yin wata mai suna NotPetya. Ta fara daga ƙasar Yukiren ta cikin wata manhajar lissafin haraji, ta yi amfani da wannan kafa dai, sa'an nan ta ƙara da kwasar kalmomin sirri daga kwamfutar da ta kama tana buɗe na kusa da ita da su, har da waɗanda aka yi wa faci. Watau na'ura guda da aka yi sakaci da ita tana iya jawo wa sauran. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk na ƙasar Denmak, wanda reshensa ke tafiyar da tashar kwantena a Apapa nan Ikko, ya yi asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300, sai da ya sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urorin ajiya 4,000. Abin dariya abin tausayi, kwafin kundin ma'aikatansa da ya tsira an same shi ne a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, inda wutar lantarki ta ɗauke kafin annobar ta iso. Kada wani ya ɗauki wannan ya zama dabara. Sa'a ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba.

UZURIN MASU JINKIRI

Adalci ne mu saurari masu jan ƙafa, domin ba dukkansu ne malalata ba. Facin kanel galibi ba ya kama aiki sai an kashe na'ura an sake kunnawa, kuma akwai na'urar da tsayawarta na minti goma asara ce, kamar ta banki ko ta kamfanin waya. Akwai kuma na'urar asibiti ko ta masana'anta da aka saya da tsohuwar manhaja, wanda ya sayar ya ce in aka taɓa babu ruwansa. Wani facin kuma yakan zo da nauyi. A watan Janairu na 2018 aka bayyana Meltdown da Spectre, waɗanda aibi ne a jikin ƙwaƙwalwar na'ura kanta, ba a rubutu ba. Da yake ba a iya kiran miliyoyin kwamfutoci a canza musu ƙwaƙwalwa, sai aka sake fasalin kanel ya raba ma'ajiyarsa da ta sauran manhajoji, wannan kuwa ya rage wa wasu ayyuka sauri. Gyaran farko da kamfanin Intel ya fitar ya sa wasu kwamfutoci suna mutuwa suna tashi da kansu, har kamfanin ya ce a dakata da mannawa.

Sa'an nan ga abin da ya faru a ran 19 ga Yuli na 2024. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da sabuntawa ga manhajarsa, wadda ke zaune a cikin kanel ɗin Windows. Akwai kuskure a ciki. Kafin a janye ta, cikin minti 78, kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi sun faɗi, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka tsaya, bankuna da asibitoci suka koma takarda da biro, kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000. Tilas ma'aikata suka riƙa bin na'urori ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Garin neman gira aka rasa ido.

Duk wannan gaskiya ne, amma a ganinmu darasin da ke ciki shi ne a yi faci da tsari. Ana fara gwadawa a kan na'urori kaɗan, a duba kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a faɗaɗa, kuma a tanadi hanyar komawa baya in abin ya ƙi. Batun kashe na'ura ma an rage masa ƙarfi. Wasu ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka sun ƙirƙiro Ksplice, dabarar yi wa kanel faci yana cikin aiki, kamfanin Oracle ya saye ta a 2011. Kamfanonin Red Hat da SUSE suka fito da nasu a 2014, kuma a 2015 aka shigar da tushen wannan dabara cikin Linux bugu na 4.0. Ba kowane gyara ke yiwuwa ta haka ba, amma ta isa ta toshe kafa mai haɗari kafin ranar da aka tsara kashe na'ura. Ɓarnar CrowdStrike ta ɗauki kwanaki aka tashi daga ita, takardu kuma suna nan. Wanda NotPetya ta shafe wa ajiya, in ba shi da kwafi a wani wuri, har abada ke nan.

WAYAR DA KE HANNUNKA

Inda abin ya fi shafar talakan ƙasar nan shi ne wayar hannu. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma tura kuɗi ta waya, daga mai shago har mai sayar da dabbobi, kuma da yawa daga na'urorin POS da ke bakin titi Android ce a cikinsu. Wayar da a da ake kira da ita kawai yanzu ita ce asusu.

To, dubi tafiyar da faci ke yi kafin ya iso wannan waya. Masu Linux su gyara. Google ya ɗauka ya sa a cikin Android, ya fitar da sanarwar tsaro ta wata-wata kamar yadda ya fara tun watan Agusta na 2015. Kamfanin da ya ƙera ƙwaƙwalwar wayar ya daidaita da nasa kayan. Kamfanin da ya haɗa wayar ya ɗauka ya gwada a kan kowane samfuri, sa'an nan ya aiko. A kowane zango facin na iya maƙalewa, kuma ya fi maƙalewa a zangon ƙarshe, domin kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsa, ribarsa tana ga sayar da sabuwar waya. Shi ya sa kusan shekara guda bayan an ɗinke Dirty COW, a watan Satumba na 2017, masu bincike na kamfanin Trend Micro suka tarar da wata muguwar manhaja mai suna ZNIU tana shiga wayoyin Android ta wannan kafa, a ɓoye cikin manhajoji fiye da 1,200. Google ya yi ƙoƙarin gajarta wannan hanya, musamman daga Android 12 na 2021 da ya sa wayoyi su yi tarayya a kanel guda, amma wayar da mai ita ya daina aika mata faci tana nan yadda take.

Wasu kamfanoni sun nuna abin yana yiwuwa. Google ya yi wa wayar Pixel 8 ta 2023 alkawarin faci na shekara 7, Samsung ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 irinsa. Amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Ƙungiyar Tarayyar Turai ba ta bar abin ga ganin damar kamfani ba: dokarta da ta fara aiki a ran 20 ga Yuni na 2025 ta wajabta samar da sabuntawar babbar manhaja na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin waya. Mu kuwa mutum zai shiga Computer Village a Ikeja ko kasuwar Farm Centre a Kano, ya tambayi girman kyamara da ƙarfin batir, ya biya, ya fita da wayar da watakila an daina kula da ita tun tana cikin kwali. Haka nan kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, da yawansu ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, an sallamo mana su ne daidai lokacin da facinsu ke ƙarewa.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke ba da takardar amincewa ga kowane samfurin waya kafin a sayar da shi a ƙasar nan. Muna kira gare ta da ta sa sharaɗi cewa kowane kamfani ya rubuta a jikin kwali, da manyan baƙaƙe, shekarar da zai daina aiko da facin tsaro, kamar yadda ake rubuta ranar lalacewa a kwalbar magani. Daga nan sai a tsayar da mafi ƙarancin shekaru. Kasuwar Nijeriya ba ƙarama ba ce, kamfanin da ke cin riba a cikinta ba zai gudu saboda wannan ba.

Na biyu, kamfanonin layin waya su daina cajin data a kan saukar da facin tsaro. Mutumin da ya sayi data ta kwana guda da guminsa ba zai ƙone ta a kan abin da bai ga amfaninsa da ido ba, kullum zai danna a bari sai gobe. Wayar da aka kama kuwa a kan layinsu za ta riƙa aika ɓarna.

Na uku, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da tsarin kare bankuna daga kutse tun 2018, ga dokar laifuffukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Muna so masu bincike in sun shiga banki su tambayi abu mai sauƙi: na'ura nawa gare ku, har da na cirar kuɗi da na POS, wace manhaja ke kan kowace, kuma kwana nawa kukan ɗauka daga fitowar faci zuwa manna shi? Bankin da ya kasa amsa wannan bai san yawan ƙofofin gidansa ba.

Na huɗu, hukumar NITDA da cibiyar ngCERT su tilasta wa ma'aikatun gwamnati yin ƙidayar kwamfutocinsu, a ware waɗanda facinsu ya ƙare. Wadda za ta iya hawa sabuwar manhaja a hau da ita, wadda ba za ta iya ba a sa mata Linux da ake kula da shi, ko a cire ta daga intanet. A kuma riƙa sa kuɗin kula da na'ura a cikin kwangilar sayenta. Mun saba da sayen sabo a yi bikin buɗewa, gyara kuwa a bar wa Allah, kuma irin wannan hali ne ya kashe mana injuna da motocin gwamnati ba adadi. Gargaɗin da waɗannan hukumomi ke fitarwa kuma a riƙa fassara shi cikin Hausa da Yarbanci da Ibo a karanta a rediyo.

Na biyar, 'yan'uwanmu masu gyaran waya da kwamfuta su ji tsoron Allah su bar al'adar nan ta ɗora wa mutum manhajar sata sa'an nan a kashe masa hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu. Wanda ya yi haka ya karɓi kuɗin mutum ya cire masa ƙyauren ɗaki.

Kai kuma mai karatu, naka aikin ba shi da wuya. Shiga wurin saitin wayarka, ka nemi sashen bayanin waya, za ka ga kwanan watan facin tsaro na ƙarshe da ta samu. In ka ga ya haura shekara guda, kuma ka nemi sabo babu, to ka san wayar nan an yaye ta. Kada ka riƙa sauke manhajar da aka turo maka ta hanyar saƙo ko wadda ba ta fito daga shagon manhajoji na ainihi ba, domin yawancin ɓarakar kanel sai muguwar manhaja ta fara samun wurin zama a waya kafin ta yi amfani da ita. In da hali, ka raba wayar harkar kuɗi da wadda yara ke wasa da ita. Ranar da za ka sayi wata, ka tambayi mai shago shekara nawa za a yi ana aiko mata da faci, in bai sani ba ya je ya tambayo. Idan kuma saƙon sabuntawa ya zo daga cikin saitin wayar, ka sa ta a caji da dare ka bar ta ta yi.

Asibitocin Ingila suna da kuɗi da ƙwararru fiye da namu, duk da haka kwana 59 na jinkiri ya durƙusar da su. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna fata hukumomin da muka ambata za su duba wannan magana tun kafin ranar da za a nemi wanda za a ɗora wa laifi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.